An Auna Moto da Ni

Bana shekara talatin ke nan da aka fita da Baban Fati daga gidanmu na Arlit a kan makara. 'Ya'yana sun matsa mini in rubuta wani abu a jarida, irin wanda ake rubutawa a ce marigayi mai haƙuri ne, mai zumunci ne, bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Biyun farko gaskiya ne. Na ukun kuwa ba zan sa hannu a kansa ba, domin ni ya ɓata mini. Wanda ya zauna da mutum shi ya san inda tabarmarsa ta yage.

Sunansa Agali, mutumin duwatsun Ayar. A rayuwarsa ban taɓa kiran wannan suna da bakina ba, yau ma hannu ne ya rubuta. Ni 'yar Damagaram ce. A gaban kamiyo, babbar motar kaya, aka kawo ni Arlit ina amarya, da akwati wanda rabinsa tufafi ne, rabinsa littattafan soyayya da fatake ke kawo mana daga Kano. A cikin littattafan nan, da la'asar saurayi yake zuwa da mota, ya buɗe wa yarinya ƙofa, ya riƙa tuƙi a hankali yana faɗa mata maganganun da ke hana barci. Da na ga Agali a ƙofar gidan kawuna, dogo, da rawani, ba ya yawan magana, sai na ɗauka shirunsa irin na samarin littafi ne, wanda yake cike da zance yana jiran ranar fashewa. Ashe lissafin ƙarfe yake yi.

Arlit ba ta da lambun da masoya ke zuwa. Tulin ƙasar ma'adinai ke gare ta, da motocin kai ma'aikata, da rana. Amma mijina yana da abin da babu saurayin littafin da ke da shi: moto mai ƙafa huɗu, ja, mai faɗin ƙirji kamar bajimi. Shi makanike ne a garejin kamfani, kuma akwai wani Bature da yake kula masa da wannan moto. Da farashin uraniyom ya faɗi aka fara mayar da mutane gida, Baturen ya bar masa shi ya tafi. Ba a jima ba shi ma mijin nawa aka sallame shi, ya dawo yana gyaran motocin 'yan kasuwa a bakin tasha. Tun ranar da na fara ganin moton nan a tsakar gida na ƙudura abu ɗaya a raina: wata la'asar zai ɗora ni a bayansa, mu fita ta ƙofar gida mutane suna kallo, mu yi zagaye ɗaya cikakke a filin tsere. Ban nemi zinariya ba, ban nemi kujerar Makka ba. Wannan kawai.

Filin tseren yana bayan gidajen Turawa. Da katafila suka tara ƙasa suka yi tuddai, wasu ƙanana a jere kamar kunyoyin gona, wasu manya da moto ke hawa ya tashi sama ya diro. Kowace shekara in sanyi ya kusa wucewa sukan yi gasa, 'yan gari suna kallo daga bayan shingen waya. Da Turawan suka ragu, sai aka ce ɗan ƙasa ma in yana da moto ya shigo. Baban Fati ya ce zai shiga. Da na kawo masa tawa buƙatar, ya ce in bari sai bayan gasa, domin nauyin mutum biyu zai ɓata masa saitin da yake yi. Na ce to. Yarinya ce ni, na ɗauka maganar wata biyu ce.

Dole in yi wa mai karatu bayanin wannan saiti, domin shi ne ya cinye mini ƙuruciya. Moton yana da abin da suke kira amortisa, biyu a gaba, ɗaya babba a baya. Ƙarfe ne mai mai a cikinsa, an naɗe shi da murɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa ya dawo, shi ke shanye dukan ƙasa in moto ya diro. A jikinsa akwai zobe da ake murzawa a ɗaure shi ko a sassauta, da wani ɗan ƙusa da ke cewa ya dawo da sauri ko a hankali. In ya yi tauri, ƙasa ta cilla ka kamar jakin da bai san kaya ba. In ya yi laushi, cikin moton ya daki ƙasa. In yana dawowa da sauri, baya ya harbe ka a kan ƙananan tuddai. In yana dawowa a hankali, bai gama miƙewa ba wani tudun ya sake danne shi. Tushen abin duka kuwa shi ne nauyin mahayi: in ya zauna, moton ya nutsa kamar kashi ɗaya cikin uku, ba ƙari ba ragi.

To ga matsalar. Mutum ba ya zama a kan moto kuma ya kwanta a ƙarƙashinsa yana awo. Na ce ya zauna ni in riƙe karan awon, muka gwada, ya ce ina karanta kara kamar yadda nake karanta littafi, abin da raina ke so nake gani. Sai ya yi dabara. Ya kwantar da turmina, ya gitta dogon katako a kai, ya zauna a gefe ɗaya, ni a ɗaya gefen rungume da buhun gero. Ya yi ta ƙara gero yana ragewa har katakon ya tsaya daidai. Daga ranar, ni da buhuna muka zama shi. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci, kafin zafi ya tsinka man amortisa, sai in hau moto da buhu a cinya, in riƙe kan, shi yana kwance a ƙasa da kara da ɗan gawayi.

Hausarsa irin ta mutanen Ayar ce, mace da namiji duk "kai" ne. Ina zaune a sama ina saƙa yadda iska za ta kaɗa mayafina, sai in ji murya daga ƙasa: "Hadiza, kai daina numfashi da ƙarfi, kana ɓata mini awo." A duk littattafan da ke akwatina babu inda aka ce wa mace haka.

Yana da aboki, Mamman, ɗan Tawa, direban motar ma'aikata. Shi kaɗai ke shigowa ya tarar da mu a haka, kuma bai taɓa wucewa bai yi mana tsiya ba. Yakan tsaya a bakin zaure ya ce, "Uwargida, yau ina aka nuhwa, Tamanrasat ko bakin murhu? In kun isa a gaishe su." Ya juya wajen abokinsa ya tambaye shi yaushe wanga gyaran gangar Abzinawa za shi ƙarewa. Baban Fati ko ɗago kai ba ya yi, amsarsa kullum ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gaskiyarsa. Sai dai ban taɓa jin wanda ya shekara da shekaru yana fafe gora ɗaya ba sai shi.

A shekarar farko ba a yi gasar ba, aka ce kulob ɗin Turawa yana tsuke bakin aljihu, sai baɗi. Kafin baɗi fari ya sauka a daji. Danginsa da dabbobinsu suka ƙare suka fara sauka a gidanmu, tsofaffi da mata da yara, tsakar gida ta cika da runfunan tabarma kewaye da moto. Ni ke da tukunya, kuma geron da ke gidan shi ne wanda nake runguma da safe. Na fara ɗiba. Wata safiya ya auna ya ga moton bai nutsa yadda ya saba ba, ya kwance amortisan baya gaba ɗaya, ya canza mai, ya yini yana neman laifin ƙarfe, kafin ya lura buhun ya rame. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, har ya manta da yayarsa, da ke cikin baƙin namu, tana zaune. Na ce masa ya zaɓa, ko danginsa su ci ko ƙarfensa ya ji daɗi. Ya ɗauki buhun ya juye mini a masaki, ya fita ya cika shi da yashi. Wannan shi ne ban haƙurinsa, kuma shi ne iyakarsa.

Yanzu in na zauna a ƙofar gida ina kallon samarin da ke shirin tafiya wuraren haƙar zinariya, nakan tambayi kaina me zai ce. Suna lafta wa moto jarkokin ruwa da na isansi, wato fetur, da buhunan abinci da mutum uku, kuma da yawa sun cire amortisa sun walda sandar ƙarfe a gurbinsa don kada ya lotsa. Mutumin da yakan hana kansa karin kumallo saboda rabin murzawar zobe, ina jin da ya ga wannan sai ya koma ɗaki ya ja ƙofa. Ko kuma, wanda ya fi kama da halinsa, ya tare su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu bayani har ayarinsu ya tafi ya bar su. Ramin ma'adinai na Akokan da ya ci ƙarfin abokansa an rufe shi. Filin tsere kuwa manyan motoci ke kwana a ciki, tuddan sun baje, awaki na kiwon leda. Jikokina sukan nuna mini a waya yadda ake tsere a ƙasashen waje, ana saita moto da na'ura cikin ƙiftawar ido. Na san abin da zai ce a kan wannan: na'ura ba ta san zafin Arlit ba. Kuma haushin da nake ji shi ne, wataƙila yana da gaskiya.

Bayan fari sai tawayen Abzinawa. Wanda bai zauna a garuruwan arewa a waɗannan shekaru ba, ba zai gane yadda moto zai zama laifi ba. Mutum mai rawani, daga duwatsu, da abin hawan da ke iya ratsa yashi ba tare da hanya ba: masu kaki za su ce na 'yan daji ne, 'yan daji kuma in sun ji labarinsa za su aiko a karɓa. Sai ya tura shi ɗakin ajiya, ya lulluɓe da tsofaffin tabarmi, ya hana yara ambatonsa a waje. Ko tayar da injin ya daina. Na ce a raina ko ba komai na huta da buhu. Ina! Awo ba ya ƙara, don haka awo bai tsaya ba. Muka koma yinsa a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ni a sama cikin zufa, shi a ƙasa. In sanyi ya zo ya ce mai ya yi kauri, ya sake saiti. In bazara ta zo ya ce ya tsinke, ya sake. Ana shirin gasar da babu wanda ya ƙara ambatonta a duk faɗin garin. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Na dafa, ina nan ina jiran romon.

A cikin waɗannan shekaru ne tari ya kama shi. Mutane sun faɗi abubuwa iri-iri a kan inda ya samo shi, ni dai ban sani ba. Abin da na sani shi ne katako. Duk bayan 'yan watanni mukan sake hawa turmi don a tabbatar da nauyi, sai na ga yana buɗe buhu yana kwashe yashi da tafin hannu, yana zubarwa a gefe kamar ba komai. Buhun da a dā sai ya taimaka mini in ɗora a cinya ya koma wanda nake ɗauka da hannu ɗaya. Na roƙe shi ya je likita, ya je sau ɗaya, ya karɓo ƙwayoyi, bai koma ba. Na haɗa shi da Mamman, na haɗa shi da yayarsa, ya ce musu rawani ne ya sa ake ganin ya rame. Mutum yana iya ɓoye fuskarsa a rawani, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma shi da hannunsa ya ƙera abin da ke tona masa asiri.

Ranar da ba na mantawa, na hau gefena ba buhu ko kaɗan, ya hau nasa, sai katakon ya sauko da ni ƙasa a hankali, shi ya tashi sama ƙafafunsa suna reto. Muka kalli juna.

Ya ce, "Katako ne ya lanƙwashe."

Na sauka na juya katakon da kaina, muka sake hawa. Ya sake tashi sama.

Na ce, "Baban Fati, don girman Allah mu tafi Agadas a duba ka."

Ya sauko daga katakon. Sannan ya ce, "Yanzu sai an sassauta zobe."

Da ina da ƙarfin ɗaga turmin nan, da na jefe shi da shi.

Ya sassauta zoben har ya kai ƙarshen zarensa. Lokacin an yi sulhu, hanyoyi sun fara buɗewa, ya fito da moton tsakar gida ya wanke. Ya hau da kansa, moton ko gezau, bai nutsa ko faɗin yatsa ba. Murɗaɗɗen ƙarfen an yi shi ne don ƙaton Bature, ya jure wa Agali mai lafiya, amma wannan da ya rage bai ma san an hau shi ba. Ya sauka ya zagaya shi, ya dube ni sama da ƙasa kamar mai sayen rago, ya ce gobe da la'asar in shirya, mu biyu za mu yi nauyin mutum ɗaya.

Na san a matsayin buhu aka gayyace ni. Duk da haka na yi kitso, na sa lalle, na ciro atamfar aurena daga ƙasan akwati, na yi turare. Da na fito ya ce in naɗe mayafin kada sarƙa ta kama, kuma kada in riƙe shi, in riƙe ƙarfen baya don nauyi ya zauna a kan tayoyin baya. Muka fita ta ƙofar gida. Mata suka leƙo, Mamman ya biyo mu da gudu yana cewa ashe ana zuwa Tamanrasat ɗin. Iskar da na yi shekaru ina saƙawa ta buge ni a fuska, kuma wallahi ta kai yadda na zata. Muka shiga filin, babu shingen waya, babu kowa. Da muka hau jerin ƙananan tuddai na saki ƙarfen na rungume shi, hannayena suka zagaye shi suka haɗu har da saura. Bai hana ni ba.

A gaban babban tudu na farko ya tsaya. Ya karkata kai yana saurare, kamar mai jin kiran salla daga nesa. Ko kwatan filin ba mu yi ba.

Ya ce, "Baya yana dawowa da sauri."

Na ce, "Ya dawo da gudu ma in ya ga dama. Ka ƙarasa mini zagayen nan. Tun ina amarya nake zaune a kan abin nan yana tsaye, ga Fati har ta shiga lakwal tana karatun boko. Sau ɗaya tak, ka kai ni ƙarshe."

Ya ce, "Gobe. Ƙusa kaɗan yake so." Ya juya kan moton.

Muka iso gida. Ya murza ƙusansa kafin magariba. Washegari tarin ya zo da jini, bai ƙara fita tsakar gida da ƙafarsa ba, kuma kafin watan ya mutu an kai shi.

Da aka raba gado, 'yan uwansa suka tafi da injin can lambunansu na Ayar, na ji ya daɗe yana jawo ruwa daga rijiya yana shayar da albasa. Tayoyin wani ya sa a amalanke. Amortisan nan uku, da aka yi shekaru ana lallashi kamar jarirai, babu wanda ya ce yana so, suka bi 'yan gwangwan.

Mamman, Allah Ya jiƙansa shi ma, ya zo mini da wata magana bayan na fita takaba. Ya ce kada in riƙe abokinsa a rai, ba don ƙarfe ya juya ba. Hannuwansa ne suka kasa riƙe kan moton, ya ga in ya hau babban tudun nan zai kayar da ni, kuma mutum irinsa ya gwammace a ce masa mai taurin kai da a ce ya gaza a gaban matarsa. Wannan magana ta yi daidai da littattafaina, har ta fi wasunsu kyau, kuma ita nake ba jikokina mata in sun tambaye ni ko kakansu ya so ni. Da na samu in gaskata ta ɗari bisa ɗari, da na huta. Amma ni ce a zaune a bayan. Shekarun da na yi a kan sirdin nan sun koya wa ƙuguna abin da kaina bai nema ba, kuma a kan ƙananan tuddan nan na ji yadda baya ke harbo ni tun kafin ya buɗe baki. Da gaske yana dawowa da sauri. Ko ƙaryar da zan yi wa kaina in ji daɗi, mutumin nan bai bar mini wurinta ba.

To me ya rage na Agali? Ba kofi, ba hoto a filin tsere, ba wanda zai ce ya taɓa ganin ya tashi sama ya diro. Ya bar 'ya'ya da ba sa iya barin aiki rabi da rabi, har suna ba matansu haushi, ina kallo ina yin shiru. Ya bar dangin da suka ci geronsa a shekarar fari, har yau jikokinsu in sun sauko gari sai sun kawo mini cuku da dabino. Ya kuma bar mace ɗaya da ta san cewa a duniya an taɓa yin mutumin da ya san nauyinta daidai, lokacin sanyi da lokacin zafi, da ciki da bayan haihuwa, ko da yake bai taɓa ce mata tana da kyau ba.

Da aka kira ni a kansa kafin a fita da shi, na ce na yafe, kuma har zuciyata na faɗa. Yafiya daban, haushi daban. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa ma'auninsa ya rinjaya a ranar da ba a cewa katako ne ya lanƙwashe. In kuma Allah Ya ƙaddara mun haɗu a gidan da babu gobe a cikinsa, ina so in ga da wace hujja zai juya.